Sojan da ya shiga yaƙi da siket har aka liƙa masa lambar jarumta: da gaske ne?

Tela Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a cikin birnin Katsina, shagona na wajen Ƙofar Ƙaura, yawancin aikina kayan makaranta ne da na 'yan agaji. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya nuna mini wani hoto a wayarsa: dattijon Bature, ƙirjinsa cike da lambobin yabo, amma daga ƙugu zuwa gwiwa siket ne mai zanen gida-gida, ga doguwar safa, ga wata 'yar jaka rataye a gaba. Yaran shago suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin ɗinkin ne ya fara ɗaukar idona. An jera ninki a bayan tufar tun daga wannan ƙugu har wancan, kuma kowane layi na zanen ya hau kan ɗan'uwansa daidai, ba karkata. Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san wannan ba aikin wasa ba ne.

Yaron ya ce wai tsohon soja ne, kuma wai da irin wannan tufa suka yi yaƙin duniya. Abin ya tsaya mini a rai. Tufar fareti ce kawai, ko kuwa da ita ake shiga filin daga? In da ita ake shiga, me ya sa gwamnati za ta bar sojanta da ƙauri a waje cikin sanyin ƙasar Turawa? Sannan waɗanda aka ba lambobin nan, me suka aikata? Don Allah wanda ya sani ya warware mini, ina so in ba yaran nan amsar da ta fi dariya.

Malamin Tarihi, Rafin Daɗi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Yaronka bai yi ƙarya ba. Sunan tufar kilt, ta mazan tsaunukan arewacin Sikotilan ce, kuma rundunoninsu da ke cikin sojan Biritaniya sun yi kusan shekara 200 suna yaƙi da ita.

Dalilin yana cikin tarihinsu. A 1746 mutanen tsaunukan suka sha kashi a hannun sojan Sarkin Biritaniya a wani fili da ake kira Culloden. Bayan nan gwamnati ta kafa doka ta hana mazansu sa wannan tufa, sai fa wanda ke aikin soja a ƙarƙashin sarki. Ba a soke dokar ba sai 1782. Ka ga ke nan an yi shekaru fiye da talatin saurayi ba shi da halin sa tufar ubansa a fili sai ya shiga sojan waɗanda suka ci su da yaƙi. Daga nan tufar ta zama ta bariki, kowace runduna da zanenta. Na Black Watch kore ne mai duhu da shuɗi da baƙi. Na Gordon Highlanders kusan iri ɗaya ne, sai dai an ratsa masa layin rawaya. Da an hango zanen an san ko su waye, kuma wanda ya gudu daga fagen fama ya san sunan garinsu ya zubar, ba nasa kaɗai ba.

Lambar da ta fi kowace daraja a wurinsu ita ce Victoria Cross, wadda Sarauniya Victoria ta kafa a 1856. 'Yar ƙarama ce ta tagulla, ba zinariya ba, kuma ba ruwanta da muƙami: farabiti da janar duk ɗaya ne a wurinta.

Uku daga cikin waɗanda suka same ta mabusa ne, su ne ma na fi so ka ba yaranka labarinsu. Abin busarsu algaita ce mai salka, ana matse salkar a hammata, sautin ba ya yankewa.

Na farko George Findlater na rundunar Gordon. Ranar 20 ga Oktoba 1897 aka umarce su su hau tsaunin Dargai, a yankin da yanzu yake cikin Pakistan kusa da iyakar Afganistan. Sai an ƙetare wani buɗaɗɗen fili da masu bindiga ke kallo daga sama, kuma waɗanda aka tura kafinsu sun kasa wucewa. Harsashi ya same shi a ƙafafu, ya kasa tashi. Ya jingina da dutse ya ci gaba da busa har 'yan'uwansa suka kai saman. Sarauniya da kanta ta je asibiti ta liƙa masa lambar a 1898. Abin da ya biyo baya ya fi taɓa ni. Da aka sallame shi, kuɗin da ke tare da lambar fam 10 ne a shekara, sai ya shiga yin busa a gidajen wasa don ya ci abinci. Manyan soja suka ji kunya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har aka ɗaga kuɗin zuwa fam 50 ga wanda ba ya iya neman na kansa.

Na biyu Daniel Laidlaw, a Loos cikin Faransa, ranar 25 ga Satumba 1915. Turawan Ingila sun saki iskar guba don ta tafi wajen Jamusawa, sai iska ta juyo da ita kan mutanensu. Sojoji suka daskare a cikin rami. Wannan mutum mai shekara 40 ya hau bakin ramin, yana kai da komo yana busa a gaban bindigogi, har suka fito suka bi shi. An ji masa rauni, amma ya rayu har 1950.

Na uku yaro ne ɗan shekara 20, James Richardson, haifaffen Sikotilan da ke cikin sojan Kanada. A Somme ta Faransa, cikin Oktoba 1916, wayar ƙaya ta tare kamfaninsu ana ta zuba musu wuta. Ya tashi ya yi ta busa a gaban wayar har suka yunƙura suka keta ta. Daga baya aka sa shi raka wani mai rauni da fursunoni zuwa baya. A hanya ya tuna ya baro algaitarsa, ya koma ɗauko ta, ba a sake ganinsa da rai ba. An tsinci algaitar a cikin laka, ta yi shekaru a ajiye a wata makaranta a Sikotilan ba a san mai ita ba, sai da aka gane ta ta zanen ƙyallen da ke jikinta. A 2006 aka mayar da ita Kanada.

Tela Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara sani, Malam. Na karanta wa yaran labarin Richardson, kuma wanda ya fi kowa dariya shi ne ya tambaye ni ko an samu gawarsa. Shekarunsu kusan ɗaya.

Na koma na ƙura wa hoton ido da idon sana'a. In ban yi kuskuren awo ba, ninkin nan zai ci yadi bakwai zuwa takwas, kuma na ulu mai kauri. Mu nan yadi biyar ya ishi babban mutum kaftani da wando har a samu saura. To ulu in ya sha ruwa nauyinsa ninkuwa yake, kuma ba ya bushewa da wuri. Yaya mutum zai yi kwana da kwanaki a cikin ramin laka da wannan a ƙugunsa? Wannan ne har yanzu ban gane ba. Kuma yaushe suka daina?

Tsohon Saje, Daura ya amsa:

Maigida Tela, awonka daidai ne, yadi takwas ake faɗa. Ni tsohon soja ne, Zariya aka horar da ni, na kuma je Laberiya. Ban taɓa sa kilt ba, amma na san abin da tufa ke yi wa mutum in ya kwana a rami.

Sun sha wuya da ita ƙwarai. A yaƙin Afirka ta Kudu, a Magersfontein cikin Disamba 1899, an rutsa da rundunar 'yan tsaunukan a fili, aka kashe janar ɗinsu, sauran suka wuni kwance rub da ciki ba halin ɗaga kai. Rana ta ƙone musu bayan gwiwa har ya yi bororo. Launin tufar kuma yana nuna su daga nesa, shi ya sa aka ɗinka musu wani ƙyallen kaki da ake ɗaurawa a kai. Da shi suka shiga yaƙin 1914. A ramukan Faransa kuwa kwarkwata ta samu gida a cikin ninkin nan da kake yabo. Bakin tufar in ya jiƙe sanyi ya daskarar da shi, yanka ƙafa yake. Wayar ƙaya tana kama ta. Sannan daga 1917 aka fara amfani da wata guba mai ƙona fata, wadda ke bin duk inda jiki yake a buɗe ko yake da gumi. Wannan ce ta gama da maganar. Da aka shiga yaƙin Hitila, hukumar soja ta cire ta daga kayan yaƙi. Bataliyar Cameron Highlanders da ta yi faɗa a Faransa a 1940 ita ake lissafawa ta ƙarshe da ta shiga wuta da ita gaba ɗayanta.

Amma ɗaiɗaiku ba su bari ba. Ranar 6 ga Yuni 1944, da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Normandy a Faransa, akwai wani mabushi ɗan shekara 21, Bill Millin. An riga an hana busa a bakin daga, amma kwamandansa Lord Lovat ya ce ya busa. Ya faɗa ruwa sanye da kilt ɗin da ubansa ya yi yaƙin farko da ita, ba bindiga a hannunsa, yana tafe yana busa mutane na faɗuwa a gefensa. Shi da bakinsa ya ce daga baya fursunonin Jamus sun gaya masa sun ƙyale shi ne don sun ɗauka taɓaɓɓe ne. Faransa ta ba shi babbar lambarta a 2009, ya rasu a 2010. Akwai kuma Tommy Macpherson, wanda aka jefa da lema cikin Faransa a wannan watan sanye da ita, don ya haɗa kai da 'yan sari-ka-noƙen ƙasar. Sau uku ana ba shi lambar jarumta ta Military Cross.

Wanda bai taɓa jin harsashi ya wuce ta kunnensa ba zai ce busa a wannan wuri hauka ne. Ni ba zan ce haka ba. Tsoro in ya kama mutum, ƙafa ce ke fara ƙin motsi, umarnin ofisa kuma ba ya shiga kunne. Abin da ke tada mutum shi ne ya ji sautin da ya sani tun yana yaro, ya kuma ga wani a tsaye. Sarakunanmu ba su fita yaƙi ba tambari da mabusa da masu kirari, kuma ba don ado suke tafiya da su ba. Yau tufar ta koma ta fareti. Tun 2006 aka haɗe tsoffin rundunonin ƙasa na Sikotilan wuri ɗaya, kuma ita suke sawa ranar biki. Algaitar salkar ma mun gaje ta, za ka ji ta a faretin sojojinmu.

Abu Sumayya, Sabuwar Unguwa ya rubuta:

Ku yi mini haƙuri, Malam da Baba Saje, akwai abin da ba a faɗa ba. Su wa ke saman tsaunin Dargai? Afridi ne da Orakzai, Musulmi, suna kare ƙasarsu daga wanda ya taso daga wata uwa duniya. Masu wannan tufa suna sahun gaba a Tel el-Kebir a 1882 lokacin da aka murƙushe sojan Masar. Suna Omdurman a 1898 inda aka kashe dubban mutanen Sudan cikin safiya ɗaya. A Lucknow ta Indiya, cikin Nuwamba 1857, runduna ɗaya daga cikinsu ta samu Victoria Cross shida a rana ɗaya, wajen murƙushe 'yan ƙasar.

Kuma ba sai mun je nesa ba. A 1903 an ba wani Laftana Wallace Wright wannan lambar saboda faɗan Kwatarkwashi, inda aka kashe Wazirin Kano Ahmadu da mutanensa. Shi ba mai kilt ba ne, amma lambar ɗaya ce. A wannan shekarar Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, a ita ce kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Mahayan da suka tunkari bakin bindiga da takobi da mashi, wa ya liƙa musu lamba? Ba na so yaranmu su tashi sun san sunan mai busan Dargai ba su san na Waziri Ahmadu ba.

Malamin Tarihi, Rafin Daɗi ya amsa:

Duk abin da ka lissafa haka yake, Abu Sumayya, ba abin da zan cire. Zan dai ƙara abin da ya fi shi ɗaci. Sojoji arba'in da 'yan kai da suka tsaya tare da Wright a Kwatarkwashi baƙaƙen fata ne, na rundunar Arewacin Najeriya. Tushen sojan ƙasar nan ma dakarun Hausawan da wani Bature, Glover, ya tara ne a Ikko a 1863. A yaƙin Asante na 1874, a ƙasar Gana ta yau, lokacin da Black Watch suka shiga Kumasi, akwai Hausawa a cikin rundunonin da suka tafi. A can ne wani sajen Black Watch, Samuel McGaw, ya samu Victoria Cross a Amoaful, kodayake a wannan tafiyar kayan toka-toka aka ɗinka musu saboda daji da zafi. Mutanen tsaunukan Sikotilan an ci su da yaƙi, sannan aka ɗauke su suna ci wa mai nasara wasu ƙasashe. Kakanninmu ma hakan ta same su.

Inda muka bambanta shi ne wajen sakayya. An buɗe wa sojojin Indiya ƙofar wannan lamba a 1911, kuma Musulmi na farko da ya same ta shi ne Khudadad Khan, a Beljiyam cikin Oktoba 1914. Sojan Najeriya kuwa ya yi Kamaru, ya yi Gabashin Afirka, ya yi Habasha, ya yi Bama, amma ko mutum ɗaya ba a ba shi ita ba. An dai ba su na ƙasa da ita. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya samu Military Medal, kuma barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Tela Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Abu Sumayya, maganarka ta shige ni, kuma zan gaya wa yaran duka biyun. Amma ni a nawa ganin, sanin wanda mutum ya yi wa yaƙi ba ya goge cewa ya tsaya inda wasu suka kwanta. Yaron da ya koma ɗauko algaitarsa ba shi ya zana taswirar mulkin mallaka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne su sun adana komai: sunan mabushin, ranar, wurin, har ƙyallen da ke jikin algaitar ya isa a gane mai ita bayan shekara tamanin da wani abu. Ina yaro akwai wani tsoho ɗan Bama a unguwarmu da ke zama a bakin masallaci da tsohuwar rigar kaki. Mun yi ta tsokanarsa muna ƙame masa. Ya rasu, kuma a yau ba wanda zai iya gaya maka bataliyarsa.

Maman Khalifa, Daura ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Maganar ɗan Bama ce ta sa na sa baki. Kakana na wajen uwa ya je wannan yaƙin, kuma yakan ba mu labarin ranar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara can. Ya bar lambobi uku, suna cikin adakar mahaifiyata a ƙulle cikin ƙyalle. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, igiyarta ja a tsakiya, gefe shuɗi da ratsin ruwan lemo. Sauran biyun zagayayyu ne kamar tsohon kuɗi, amma igiyar ɗaya ta ruɓe. Baba Saje, ta yaya za mu gane ko akwai ta jarumta a ciki? Kuma shin sun haɗu da waɗannan masu kilt ɗin a can?

Tsohon Saje, Daura ya amsa:

'Yata, Allah ya jiƙan kakanki. Tauraron da kika kwatanta shi ne Burma Star, ana ba duk wanda ya yi aiki a wannan fagen tsakanin ƙarshen 1941 da 1945. Shaida ce cewa ya je, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 sun ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan da kaya a ka, inda mota ba ta shiga, suka karɓe Myohaung a Janairun 1945.

Batun haɗuwa, ya danganta da bataliyarsa. A 1944 bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikin dakarun Chindit da aka kai bayan layin Japanawa, kuma bataliya ta 2 ta Black Watch tana cikin wannan rundunar. In yana ɗaya daga cikin ukun nan, daji ɗaya suka kwana. Sai dai a lokacin kowa kayan daji yake sawa, ba zai gan su da kilt a bakin daga ba.

Zagayayyun biyu, ki sa a juya bayansu. Wadda aka zana zaki yana taka wata dabba mai kai biyu, ta gama yaƙi ce, kusan kowa ya samu. In kuwa kika ga bayan ɗaya rubutu ne layi huɗu na Turanci a cikin zagayen ganye, da kambi a sama, igiyarta shuɗi mai duhu da ratsin fari uku da ja biyu a tsakiya, to Military Medal ce, ta jarumta, irin ta Maigumeri. Ita a kan kaurin gefenta ake buga lambar soja da muƙami da suna da runduna, rubutun ƙanana ne, sai an kai ta haske. Kada ku goge su da toka ko yashi, rubutun zai tafi. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ki ɗauki hoton gaba da baya da gefen kowace ɗaya ki sa a nan, ni da Malam za mu karanta miki. Ki kuma tambayi mahaifiyarki ko takardar sallamarsa na nan cikin adakar, domin a jikinta ake rubuta bataliya.